Yadda ake gane maƙerin tsohon firam ɗin taitaniyam da shekarunsa

Tambaya: Na sayi firam ɗin keken hawan dutse a hannun masu sayar da kekunan gwanjo. Ba fenti a jikinsa, ba suna, launinsa toka-toka, kuma ba shi da nauyi. Mai kayan ya ce taitaniyam ne. Tayar inci 26 yake ɗauka, yana da turakun birki a baya amma ba wurin ɗaura birkin faifai, sannan akwai wasu lambobi da aka buga a ƙarƙashinsa. Ta yaya zan san kamfanin da ya ƙera shi da shekarar da aka yi shi?

Amsa: Malam, ka ajiye maganar lambar nan tukuna, ita ce za mu duba a ƙarshe. Masu ƙera firam ɗin taitaniyam ba su taɓa haɗuwa a kan tsarin lamba guda ba, kowa da nasa, wasu ma sun canza nasu fiye da sau ɗaya. Shekarun firam sun fi sauƙin ganewa, domin da ma'auni kawai za ka iya matse su cikin shekara biyu zuwa uku. Maƙeri kuwa sai an bi hannun aikinsa gaɓa-gaɓa. Don haka ga yadda za ka bi: ka tabbatar da irin ƙarfen, ka fitar da zamaninsa, ka rage sunayen da za su iya yin sa a wannan zamanin, sannan lamba ta zo ta gaskata ko ta ƙaryata.

Kafin komai, kada ka sa masa samfefa, kada ka goge shi da soson ƙarfe, kada ka kai shi wurin masu sa ƙarfe ƙyalli. Inda sitika ta daɗe a manne, ƙarfen da ke ƙarƙashinta bai sha gogayya da ƙura kamar na kewaye ba, saboda haka inuwar haruffan takan rage ko bayan an ɓanɓare ta. Ka wanke firam ɗin da ruwa da sabulu, ka bar shi ya bushe, ka shiga ɗaki mai duhu, ka kwantar da hasken tocila a jikin babban bututun da ya gangaro daga wuya, inda kan keke ke juyawa, zuwa gidan feda, inda sandar feda ke juyawa, hasken yana bin tsawonsa. Ka juya shi a hankali. Sau da yawa sunan yakan fito, ko aƙalla tsawon kalmar da siffar harafin farko. Haka za ka yi wa bututun sama da gindin bututun sirdi, inda ake manna sitikar kamfanin da ya yi bututun. Gogewar minti biyar tana share wannan shaidar har abada. Ka duba goshin bututun wuya ma: in akwai ƙananan huji biyu, tambarin ƙarfe aka taɓa ɗaurawa a wurin, sai ka auna tazarar da ke tsakaninsu ka rubuta.

To, taitaniyam ne da gaske? Ka samo maganaɗisu mai ƙarfi, irin na cikin tsohuwar sifika, ka bi kowane bututu ɗaya bayan ɗaya, har da kunnuwan baya inda sandar wili ke shiga. Ba ya kama taitaniyam. In ya kama ko'ina, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan kurom ko nikel. In ya kama baya bai kama gaba ba, kada ka yi saurin cewa an cuce ka, domin akwai kekunan farkon shekarun 1990 da aka yi gabansu da taitaniyam, bayansu da ƙarfe, kuma wannan kansa babbar alama ce da za mu dawo kanta. Alminiyam ma maganaɗisu ba ya kama shi, shi ne kuma aka fi yaudarar mutane da shi in an kankare fentinsa. Bambancin a bayyane yake ga mai lura. Waldar alminiyam faffaɗa ce, takan kai milimita 8 zuwa 10, bututunsa kuma masu kauri, launinsa fari tas. Waldar taitaniyam siririya ce, wajen milimita 3 zuwa 5, launin ƙarfen kuma toka mai ɗan duhu. In ka ɗauki gunduwa uku masu girma ɗaya, ta alminiyam ta yi giram 2.7, ta taitaniyam za ta yi 4.5, ta baƙin ƙarfe 7.8. Firam ɗin taitaniyam matsakaici, tsirara ba fok (ƙafafun da ke riƙe tayar gaba) ba komai, yakan faɗo tsakanin kilo 1.4 da 1.8. Akwai gwajin gilashi: ka jiƙa kwalba, ka goga gefen kunnen baya a jikinta da ɗan ƙarfi, taitaniyam zai bar layi mai launin toka wanda ba ya fita da shafar yatsa. Wasu za su ce a sa shi a injin wasa ƙarfe a ga farin tartsatsi. Gwajin gaskiya ne, amma ba a yin sa a jikin firam ɗin da ake so.

In an wuce nan, sai zamani. Iyakar farko a sarari take: kekunan taitaniyam na farko, irin su Speedwell na Ingila da Teledyne Titan na Amurka a shekarun 1970, na tseren kwalta ne, kuma da tsantsar taitaniyam mai laushi aka yi su. Na hawan dutse ya fara ne a 1986, lokacin da Merlin a jihar Massachusetts ta ƙera wa ɗan tsere Joe Murray nasa da gauraye mai kashi 3 cikin ɗari alminiyam da kashi 2.5 banadiyam, wanda shi ne yawancin firam ɗin kirki suka bi daga baya. Ke nan naka ba zai girmi 1986 ba. Rashin mazaunin birkin faifai kuma yana nuna da wuya ya wuce farkon shekarun 2000. Aikinmu shi ne rage wannan tazarar.

Ka nemi ma'aunin kalifa irin na masu juya ƙarfe, ko da na aro ne, domin tef ba zai ba ka rabin milimita ba. Fara da tazarar da ke tsakanin kunnuwan baya, daga ciki zuwa ciki. Milimita 126 ko 130 na nufin shekarun 1980 zuwa bakin 1990. Milimita 135 ita ce ta zama ƙa'ida daga farkon shekarun 1990, ta kuma daɗe kusan shekara ashirin, don haka ba ta faɗin komai sai cewa ba na farko-farko ba ne. Taitaniyam yana da tsalle, yana komawa inda yake in an buɗa shi, shi ya sa da wuya ka samu wanda aka faɗaɗa daga 130 zuwa 135 kamar yadda ake yi wa na baƙin ƙarfe. Abin da ka auna, kusan kullum shi ne abin da maƙerin ya yi.

Sai ramin bututun wuya, bayan an cire kofunan boris. In ya ba ka wajen milimita 30, wuyan inci ɗaya ne, wanda ya yi zamani har farkon shekarun 1990, ko da yake wasu ƙananan maƙera sun riƙe shi zuwa tsakiyarsu. In ya ba ka wajen 34, inci ɗaya da ɗaya bisa takwas ne, wanda ya shigo wajen 1990 ya mamaye kasuwa. In kuwa ka ga wajen 37, ka yi sa'a, domin wannan shi ne inci ɗaya da kwata da Gary Fisher ya fito da shi a 1989, bai kuma yi tsawon rai ba, don haka firam ɗin yana tsakanin 1989 da tsakiyar shekarun 1990. Ramin milimita 44 na zamanin baya-bayan nan ne, ba ya cikin maganarmu.

Birki ya fi kowane abu faɗin gaskiya. Ka ce akwai turaku a baya, to a ina suke? In a ƙarƙashin ƙafafun ƙasa suke, wato bututu biyun da suka tashi daga gidan feda zuwa kunnuwan baya, dab da gidan feda, wannan yayin birkin U ne na 1986 zuwa 1988, yayin da ya mutu da wuri saboda laka tana cushewa a wurin, sarƙa kuma tana maƙalewa. In a ƙafafun sama suke, wato biyun da suka sauko daga mahaɗar sirdi zuwa kunnuwan baya, ka sa wili ka duba: turakun da suka hau sama da bakin rim na birkin U ne, kuma wasu kamfanoni kamar GT sun ci gaba da su zuwa farkon shekarun 1990. Waɗanda ke ƙasa da bakin rim, wajen milimita 253 daga tsakiyar sandar wili in tayar inci 26 ce, su ne na birkin kantilifa da birkin V, dukansu turaku ɗaya suke hawa. Abin da ke raba su shi ne mazaunin waya. Kantilifa daga sama ake jan sa, a tsakiya, don haka dole a samu wani ɗan mazauni ko siririn bututu da aka yi wa walda a bayan mahaɗar sirdi ko a kan gadar da ke tsakanin ƙafafun sama, yana kallon tsakiyar taya. Birkin V, wanda Shimano ta fitar a 1996, daga gefe wayarsa ke shiga, ba ya buƙatar wannan. Firam mai mazaunin tsakiya kusan kullum 1996 ne ko kafin nan. Wanda ba shi da shi, kuma ba alamar an yanke, daga 1996 ko 1997 zuwa sama ne. Ka shafa wurin da yatsa da kyau, domin akwai masu yanke mazaunin su goge gurbin, amma gogewar takan bar ɗan faffaɗan wuri a jikin bututu mai zagaye.

Ga wanda nasa ke da mazaunin birkin faifai: mai huji biyu da tazarar milimita 51 a bayan kunnen hagu ya zama gama-gari ne daga wajen 2000, mai tazarar milimita 22 a kan ƙafar ƙasa kuma na Hayes ne na ƙarshen shekarun 1990. Sai dai a yi hattara, taitaniyam ba ya tsufa a ido, masu shi kuma sukan mai da shi wurin maƙeri a ƙara masa mazaunin faifai bayan shekara goma. In waldar mazaunin ta bambanta da sauran, ko ga mazaunin kantilifa ga na faifai a firam ɗaya, tsohuwar alamar ce ke faɗin shekarun haihuwa.

Hanyar waya ma tana taimakawa. A shekarun 1980 wayoyin giya ta babban bututun ƙasa suke bi su zagaya ƙarƙashin gidan feda. Daga farkon shekarun 1990 aka mai da su bututun sama don gudun laka. In ka ga ɗan gurbin ƙaramar gargare a bayan bututun sirdi, can ƙasa, wannan na ɗan tsakanin ne, lokacin da waya ta koma sama amma mai canja giyar gaba har yanzu daga ƙasa ake jan sa. Ƙafafun ƙasa da aka ɗage sama da sarƙa, kamar na Alpinestars Ti Mega, yayin 1989 zuwa 1993 ne.

Akwai awo ɗaya da mutane ke tsallakewa, ni kuwa ina ganin ya fi da yawa daga cikin na sama amfani, domin shi ne zai hana ka lalata keken: tsawon fok ɗin da aka zana firam ɗin dominsa. Kafin fok mai shokozoba ya yaɗu, sandararren fok yakan kai milimita 385 zuwa 395 daga tsakiyar sandar wili zuwa inda ya shiga wuya. RockShox, mai ƙera fok mai shokozoba, ta fito da RS-1 a bakin 1990, Mag 21 a 1993, Judy a 1995, SID a 1998, tsawon fok kuma yana ta ƙaruwa a waɗannan shekarun, maƙera suna ɗaga wuyan firam don ya dace. Ka ɗaura wili biyu masu taya iri ɗaya da fok ɗin da ka san tsawonsa, ka tsayar da keken a daɓe mai daidai, ka ɗora waya mai manhajar auna kusurwa a jikin bututun wuya. Yawancin kekunan wancan zamanin digiri 71 ne a wuya, 73 a bututun sirdi, tsakiyar gidan feda kuma wajen milimita 290 zuwa 300 daga ƙasa. Kowane ƙarin milimita 20 a tsawon fok yana kwantar da wuya da kusan digiri ɗaya. In da fok mai 395 ka samu 71, firam ɗin na kafin shokozoba ne, wato wajen 1992 zuwa baya. In sai da mai 410 zuwa 425 ya daidaita, tsakiyar shekarun 1990 ne. In yana neman 440 zuwa sama, ƙarshensu ne ko farkon 2000. Wanda ya ɗaura dogon fok na zamani a firam ɗin 395 ya ɓata tuƙin, ya kuma ɗora wa mahaɗar wuya nauyin da ba a yi ta dominsa ba.

In akwai sauran kayan Shimano a jiki, ko da mai canja giyar gaba ne kaɗai, ka juya bayansa. Ban da lambar samfuri, akwai ƙananan haruffa biyu. Na farko shekara ne: K 1986, L 1987, a haka har O 1990, S 1994, U 1996, Y 2000, Z 2001, sannan aka koma A a 2002. Na biyu wata ne, A Janairu zuwa L Disamba. Ke nan RC na nufin Maris 1993. Lambar samfurin tana warware ruɗanin maimaituwar haruffa: XT M730 na 1987 ne, XTR M900 na 1992, M950 na 1996. Amma wannan shaidar mai rauni ce a nan, saboda yawancin firam ɗin taitaniyam tsirara ake sayar da su, mai saye ya kwaso kayan tsohon kekensa ya ɗaura, ko ya sabunta su sau uku. Ka fi yarda da abin da ba a cika canzawa ba, kamar kofunan wuya da boris ɗin feda, kuma in kaya uku sun nuna shekara ɗaya, to magana ta fara ƙarfi.

Yanzu maƙeri. Abin da ya kamata ka sani tun farko shi ne sunan da ke kan sitika sau da yawa ba shi ne na wanda ya yi waldar ba. Walda a taitaniyam tana son wuri mai tsabta da iskar argon ciki da waje, kamfanonin da suka iya ta a wancan lokacin kuma ba su da yawa, sai manyan sunaye suka riƙa ba su kwangila. Marin Team Titanium, alal misali, Merlin ta fara yin sa, daga baya Litespeed ta karɓa. Litespeed, ta iyalan Lynskey a jihar Tennessee, ta yi wa Eddy Merckx da Basso ma. Masana'antar Sandvik da ke jihar Washington, wadda ke yin bututun kanta, ta ƙera wa Diamondback da Mongoose da Dean na farko-farko, daga wannan gidan kuma yawancin Kona Hei Hei suka fito. Saboda haka tambayarka biyu ce a haɗe: wa ya ƙera, da kuma da sunan wa aka sayar. Wani lokaci ta farko kaɗai za ka iya amsawa, ita ce kuma ta fi muhimmanci ga ingancin abin da ke hannunka.

Wasu firam ɗin daga nesa ake gane su. In ƙafafun sama na baya sun wuce bututun sirdi sun je sun kama bututun sama a gabansa, suka yi ƙaramin kusurwa-uku na uku, GT ne, samfurin da ya fi shahara kuma Xizang. Ka duba murfin ƙarshen bututun sama a bayan sirdi, akan buga GT a wurin. In ba walda a manyan mahaɗai, bututun sun shige cikin wasu hannayen riga na ƙarfe ne aka manne su da gam, ka tuna da Raleigh Dyna-Tech na Nottingham a farkon shekarun 1990, Ralin nan dai da aka sani a ƙasar Hausa, sashenta na kekuna na musamman. A irinsa ne maganaɗisu kan kama baya ya ƙi gaba, kuma wuta ko zafin tanda na fenti yana kashe gam ɗin. In ƙafafun sama sun haɗe sun zama bututu guda mai ɗan sifirin a ciki, ba kuma wata mahaɗa mai juyawa a gidan feda, tsarin YBB na Moots ne daga Steamboat Springs a Colorado, wadda ta koma taitaniyam a 1991. Sai dai wasu sun yi irinsa, kamar Litespeed Unicoi, don haka a haɗa da wata shaidar.

Sauran kuwa sai an sunkuya. Kamar yadda ake gane tela ta cikin riga, haka ake gane maƙeri ta wuraren da mai saye ba ya dubawa. Leƙa gidan feda. In ba zare a ciki, boris ake dannawa kai tsaye, musamman in akwai ɗan ramin ɗura giris a ƙasa, wannan yana nuni sosai ga Merlin ta kafin tsakiyar shekarun 1990 ko abin da ta ƙera wa wasu. In akwai zare, ka auna faɗin gidan, milimita 68 ko 73, ka rubuta. Sai kunnuwan baya, waɗanda su ne sa hannun maƙeri na gaskiya: kaurin farantin, siffar hujin da aka yanke a ciki, ko akwai harafi ko tambari, da yadda bututu ya ƙare a kansu. Wani yakan rufe bakin bututun da murfi mai tsini ya tsaga shi ya zura farantin, wani ya matse bakin, wani ya yanke shi a karkace ya rufe da faranti. Kowace masana'anta tana da nata, takan kuma yi shekaru ba ta canza ba ko da sunan wa za a manna. Haka maƙallin sandar sirdi: na walda ne a jiki, kamar yadda Moots ta saba, ko zobe ne daban? Tsagar tana gaba ko baya? Akwai hannun rigar alminiyam a cikin bututun? Ka auna ramin, milimita 26.8 ne, 27.0 ko 27.2. Fatar ƙarfen ma shaida ce, ko da yake ana iya canza ta: Moots ta fi yin dishi-dishi mara ƙyalli, Merlin gogaggen layi-layi, Litespeed kuma ta sayar da masu ƙyalli kamar madubi da yawa.

Haska cikin babban bututun ƙasa ta gidan feda ko ta wuya. In ka ga layin ɗinki yana bin tsawonsa, daga faranti aka naɗe shi aka yi masa walda. Haka ake yi wa gauraye mai kashi 6 alminiyam da 4 banadiyam, wanda ya fi ƙarfi amma yake da wuyar ja ya zama bututu, kuma Litespeed ta yi fice da shi a manyan samfuranta daga tsakiyar shekarun 1990, sau da yawa bututun ba zagayayye ba ne. In kana da hanyar zuwa inda ake da na'urar hannu mai gane sinadaran ƙarfe, irin ta ɗakunan gwaji da manyan dillalan ƙarfe, minti ɗaya ya isa: banadiyam na nufin gaurayen da Amurka da masu bin tsarinta ke amfani da shi, manganis ko zakoniyam kuma na nuna gaurayen Rasha irin su OT4 da PT-7M. Bayan 1991 firam ɗin Rasha sun shiga Turai da yawa ba suna, kowane dillali ya manna nasa, daga ƙarshen shekarun 1990 kuma na Sin suka biyo, irin su Airborne Lucky Strike. Tunda yawancin kekunan gwanjo daga Turai da Amurka da Japan ake kwaso su, kada ka cire waɗannan daga lissafi. Da yawansu kekuna ne nagari, farashinsu ne kawai bai kai na su Merlin ba.

Tarihin kamfanonin yana ƙara rage zato. An sayar da Litespeed a 1999. Merlin ta shiga hannun Saucony a 1998, sannan a 2000 ta koma ƙarƙashin kamfanin da ya mallaki Litespeed, aikinta ya tashi daga Massachusetts zuwa Tennessee. Seven ba ta wanzu ba sai 1997, da Rob Vandermark ya bar Merlin ya kafa ta, sunan Lynskey a matsayin kamfanin keke kuma sai 2006. Firam mai wuyan inci ɗaya da birkin U ba zai zama Seven ko Lynskey ba, komai abin da sitika ta ce, sitika kuwa ana buga sabuwa a manna wa kowane firam.

Sai lambar. Ka wanke wurin da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka shafa alli ka share sama-sama don ya zauna a cikin ramukan, ka ɗauki hoto da haske daga gefe. Kada ka tsaya a ƙarƙashin gidan feda, ka duba ciki da wajen kunnuwan baya, inda tsofaffin Merlin ke ɗauke da tasu, da bakin bututun wuya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar lambobi biyun farko a matsayin shekara. Sau da yawa girman firam ne da inci, 17 ko 18 ko 19, wasu kuma lissafi ne kawai a jere tun daga firam na farko. Ka auna bututun sirdi daga tsakiyar gidan feda zuwa sama ka gani ko ya yi daidai da su. In ka ga haruffan Rashanci, an yanke hukunci: na Rasha ne. Lambar da aka kankare da gangan kuwa alamar kayan sata ce, ka koma wa mai sayarwa da tambaya. In zatonka ya tsaya a kan suna ɗaya ko biyu, ka nemi kundin tallarsu na shekarun da awonka ya nuna, ka gwada tsawon bututun sama da na ƙafafun ƙasa da teburin awon da ke ciki. Litespeed da Moots da Seven da Kona duk suna nan, ana iya aika musu lambar da hotuna: gefen dama gaba ɗaya, kunnuwa biyu, mahaɗar sirdi, ƙarƙashin gidan feda, da waldar wuya daga kusa.

Tunda kana riƙe da tocila, ka duba lafiyarsa gaba ɗaya, domin sunan maƙeri ba ya hana tsagewa. Taitaniyam in ya yi zafi ya wuce wajen digiri 425 yana shan iskar da ke kewaye ya yi gautsi, shi ya sa ake cika cikin bututu da argon lokacin walda. Waje an goge, amma ciki yana nan yadda aka bar shi. Bayan walda mai launin azurfa ko ruwan ƙasa-ƙasa mai haske lafiya ne. Shuɗi mai duhu abin lura ne. Toka mai gari-gari ko fari kamar ɓawo na nufin iska ta shiga, wurin kuma zai iya tsagewa. Inda aka fi samun tsaga: ƙarƙashin mahaɗar wuya da babban bututu, ƙarshen tsagar bututun sirdi, kewayen gadar ƙafafun ƙasa da inda aka lotsa su don taya ta wuce, gefen mazaunan waya, da bakin kunnuwa. In ba ka da gwangwanin jan ruwan gwajin tsaga, ka shafa kananzir a wurin, ka jira kamar minti 15, ka share ya bushe ƙayau, ka barbaɗa garin alli. Tsaga za ta mai da kananzir ɗin waje, siririn layi mai duhu ya fito a cikin farin.

In ka samu tsaga, kada ka kai wa mai waldar lantarki ko ta kabaid a bakin hanya. Zai narke maka wurin ya kama a ido, ya karye a hawan farko. Sai mai injin argon wanda ya san cika cikin bututu, yake kuma da wayar taitaniyam ta ciko. In ba tsaga, lokacin haɗawa ka shafa man hana kamewa mai garin tagulla a zaren gidan feda da sandar sirdi da kowane ƙusa da zai shiga jikin firam ɗin, domin alminiyam da taitaniyam in suka daɗe a haɗe a bushe sukan kame har sai an yanka. Ka tuna kofin gidan feda na ɓangaren sarƙa zarensa na hagu ne, ka fara ɗaura shi da hannu zagaye uku ko huɗu kafin ka sa sifana, ka kuma zaro sandar sirdi ka sabunta man aƙalla sau ɗaya a shekara, musamman bayan damina.